Kundin akwatin caji da haske: daga hunturu zuwa hadarin farko

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau na buɗe wannan kundi. Aikin da na sa a gaba shi ne haɗa akwati guda wanda malamin kimiyya zai ɗaure a bayan babur, ya shiga aji da shi, ya nuna wa ɗalibai da idonsu abin da ke tsakanin cajin lantarki da haske. Sharaɗi biyu na gindaya. Duk abin da zai shiga akwatin a same shi a kasuwa ko a shagon mai gyara, kuma batir ya ishe shi, ba sai an jona da wutar gida ba.

Abin da ya tayar da maganar tambaya ce da na yi wa 'yan aji biyu na babbar sakandare makon jiya. Na ce, me ke sa ƙwan fitila haske? Ajin ya amsa baki ɗaya: "Wuta ce, Malam." Ba su yi kuskure ba, amma amsar ta rufe ƙofa. A bakinmu wuta ita ce ta murhu, ita ce ta waya da ake kawowa a ɗauke, ita ce kuma hasken da ake kunnawa in magariba ta yi. Kalma ɗaya ta haɗiye abubuwa uku, don haka yaro bai ga wurin da tambaya za ta shiga ba. Caji kuwa sun san shi a matsayin abin da ke cika waya ya kuma ƙare, kamar ruwa a randa.

Abin da nake so su fita da shi daga wannan aiki magana ɗaya ce. Caji a zaune ba ya ba da haske. Caji mai tafiya a miƙe da gudu iri ɗaya shi ma ba ya bayarwa. Sai an girgiza shi, an tsayar da shi, ko an karkata hanyarsa. Haske kuma idan ya sauka a kan caji, girgiza shi yake yi. Na rubuta wannan a cikin murfin akwatin. Ɗalibai bakwai ne suka ce za su riƙa zuwa duk Asabar bayan la'asar, maza huɗu, mata uku.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Hunturu ya shigo, kuma ga wannan aiki babu lokacin da ya fi shi. Iskar damina tana da laima, laimar kan kwanta a jikin roba da gilashi ta tsiyayar da caji kafin a ankara. Yanzu da leɓe ke tsagewa, caji yana zama inda aka ajiye shi.

Mun haɗa ma'aunin caji da kwalbar zuma da aka wanke ta bushe. Muka huda murfin, muka zura wayar jan ƙarfe, muka toshe ramin da narkakken kyandir don kada wayar ta taɓa murfin. A ƙasan wayar muka lanƙwasa ƙugiya, muka rataya 'yan ganyayyaki biyu na siririyar takardar alminiyon da ake naɗe cakulan. Ta kicin ta yi kauri, ba ta ɗagawa sosai. Sai da muka gwada iri uku. Aka goga guntun bututun roba na masu famfo a jikin hular sanyi, aka kawo kusa da kan wayar, ganyayyakin suka buɗe kamar almakashi. Caji iri ɗaya ne ya taru a kansu, kowanne yana ture ɗan'uwansa.

Na gaya musu cewa tsoffin Girkawa sun san wannan daga daskararren ƙaron itace da suke gogawa ya ɗauki tsinke da gashin tsuntsu, kuma sunan wannan ƙaro a harshensu shi ne elektron. Bafaranshe Coulomb ne ya auna ƙarfin turin a 1785: in ka ninka nisa biyu, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Game da sunayen cajin biyu, mun tsaya a kan abin da masu gyaran batir ke faɗa, fozitif da negatif. Bututun roba negatif yake ɗauka, wato elektron, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da cajin negatif, sun ƙaura daga hular zuwa jikinsa.

Wani yaro ya ce da dare in ya ja bargo yana ganin tartsatsi. Na ce masa busasshiyar iska ba ta barin tartsatsi ya tsallaka sai an samu kusan bolt 3,000 a kowace milimita. Ya zaro ido. Na bayyana masa cewa yawan cajin ne kaɗan ƙwarai, shi ya sa abin bai wuce tsunguli ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Muka rufe tagogin ɗakin ajiya da buhuna, muka jira ido ya saba da duhu, wajen minti biyar. Na kawo dogon ƙwan fitila fari, irin na ofisoshi, wanda aka jefar don ya daina kamawa. Wata ɗaliba ta goga balan-balan a jikin hular sanyi, ta shafa shi a gefen ƙwan. Haske ya gilma a ciki, fari-fari, ya ɓace. Ba waya, ba batir. Sai da kowa ya gwada sau biyu kafin suka yarda su zauna.

Bayanin yana da matakai, kuma na bi su a hankali. A cikin bututun akwai tururin zaiba ɗan kaɗan. Cajin balan-balan yana fizgar elektron a cikin bututun, su yi karo da ƙwayoyin zarra na zaiba, su ɗaga elektron ɗin zaibar zuwa mataki na sama. Da ya faɗo, sai ya saki haske wanda ido ba ya gani, mai tsawon zango, wato tsawon igiyar haske ɗaya, nanomita 254 (nanomita ita ce kashi ɗaya cikin biliyan na mita). Farar hodar da aka shafe cikin gilashin ita ke shanye wannan ta mayar da shi farin da muke gani. Caji ya haifi haske, hasken ya girgiza wani cajin, wannan ya sake haifar haske.

Sun lura cewa in an riƙe balan-balan cak, ƙwan ba ya komai, sai an motsa. Wani ya ce to ai ga hujjar abin da aka rubuta a murfi. Na ce a'a, kada mu yi gaggawa. Abin da wannan ya nuna shi ne elektron na cikin bututun suna gudu ne kawai lokacin da fizgar ke canzawa. Hujja ta gaskiya tana gaba. Na kuma ja kunnensu a kan fasa irin wannan ƙwai, domin zaiba guba ce. Na naɗe shi da tsumma na sa a bututun kwali.

Asabar, 21 ga Disamba

Aikin yau gajere ne. Batir biyu, waya, da kamfas. Da muka haɗa wayar a saman kamfas, allurar ta juya ta tsaya a karkace, abin da Oersted ya gani a Kwafanhagan a 1820. Sannan muka naɗa waya zagaye ɗari uku a gwangwanin kwali, muka zura maganaɗisun tsohuwar lasifika, allurar mitar awon lantarki da ke jone da wayar ta yi tsalle, kamar yadda Faraday ya gano a Landan a 1831. Caji mai tafiya yana yin maganaɗisu. Maganaɗisu mai canzawa yana tura caji. Wayar ba ta yi haske ba, kuma na sa su rubuta hakan. An tafi hutu.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Wannan ita ce ranar da na fi jira. Cikin hutu na je wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, na ce ina neman ƙaramar rediyo mai kama matsakaicin zango da gajeren zango. Ya tambayi abin da zan yi da ita. Na ce, "Baba, so nake yara su ji tartsatsi a rediyo." Ya ce, "Ai Malam wannan ƙarar mun san ta. In babur ya tsaya a ƙofar shago, fulogi ne ke shiga cikin tasha yana ƙas-ƙas." Shekara da shekaru yana jin gwajin da na zo nema. Ya ba ni rediyon aro, ya ce in an gama a dawo masa da labari.

Muka kwance laitar kunna gas, muka ciro abin da ke ba da tartsatsi, wanda ke da ɗan dutse a ciki da ke fitar da dubban bolt in an buge shi. Muka murɗa rediyon zuwa inda babu tasha. Aka danna, rediyon ta ce ƙas. Aka ja da baya taku uku, ta sake cewa ƙas, a hankali. Muka ɗaura waya mai tsawon kamu biyu a kowane gefen ramin tartsatsin, sai ga shi ana ji daga ƙarshen aji, har ta bayan bango. Da muka saka rediyon cikin tukunyar alminiyon muka rufe, shiru.

Babu waya tsakanin laitar da rediyon. To me ya tsallaka? A nan na tsaya na daɗe. Lokacin tartsatsi, caji yana kai-komo a jikin wayoyin da sauri, yana tsayawa yana juyawa. Kowace girgiza tana tayar da igiya a filin lantarki da na maganaɗisu da ke kewaye da cajin, kamar yadda in ka kaɗa bakin igiyar guga, kaɗawar ke bin igiyar har cikin rijiya. Igiyar ta isa eriyar rediyo, ta girgiza elektron da ke cikinta, lasifika ta faɗa mana.

James Clerk Maxwell, mutumin Sikotilan, shi ya fito da wannan da alƙalami a farkon shekarun 1860, ya kammala a 1865. Ya haɗa abin da Oersted da Faraday suka gani cikin lissafi, lissafin ya ce dole a samu igiya, ya kuma ba da gudunta: kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Wannan shi ne gudun haske da aka riga aka auna. Daga nan ya ce haske kansa wannan igiyar ce. Ya rasu a 1879 bai ga tabbacin ba. Heinrich Hertz ne ya tabbatar a Karlsruhe ta Jamus a 1887, da tartsatsi a gefe ɗaya na ɗaki da zoben waya mai ɗan gibi a ɗaya gefen, inda ƙaramin tartsatsi ke amsawa.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne Hausa ta riga ta tanadi kalmar. Duk wanda ya tashi yana jin ana cewa a kama mu a mita 25 gajeren zango ya san zango. Wannan mita 25 ita ce tsawon igiya ɗaya, kuma tana nufin elektron a eriyar tashar suna kai-komo kusan sau miliyan 12 a sakan. Tashar FM da ke kusa da lamba 100, zangonta mita 3 ne. Koren haske kuwa zangonsa kusan mita ɗaya ce a raba ta gida miliyan biyu, kaɗawarsa ta haura sau tiriliyan 500 a sakan. Na ce musu ido ma rediyo ce, sai dai tashoshin da take kamawa daga ja ne zuwa shunayya, launukan bakan gizo ke nan. Wata ɗaliba ta ce, "Wato Malam, da idonmu na kama mita 25, da mun ga hasumiyar gidan rediyo tana haske?" Na ce ƙwarai kuwa, kamar fitila.

Asabar, 25 ga Janairu

Hazo ya rufe gari, rana kamar faifan azurfa, ana iya kallon inda take da safe ba tare da ido ya yi ruwa ba (na hana su yin hakan duk da haka). Muka yi amfani da ranar. Ruwa a farar roba mai tsawo, ɗan garin madara a kan tsinke, tocila daga gefe ɗaya. Daga gefe ruwan ya yi shuɗi-shuɗi, daga ƙarshen robar kuwa hasken ya fito ruwan goro, kamar rana gab da faɗuwa.

Hasken rana yana girgiza elektron na ƙwayoyin iska, su kuma su sake watsa shi ko'ina. Gajeren zango ya fi watsuwa nesa ba kusa ba. Shuɗi ya ninka ja sau da yawa, shi ya sa sararin sama yake shuɗi. Masanin Ingila Rayleigh ya yi lissafin a 1871. Ƙurar hunturu kuwa, wadda iska ke ɗebo da yawa daga cikinta a kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ƙwayoyinta manya ne in aka gwada da zangon haske, don haka suna watsa kowane launi kusan daidai. Sama ta koma fara-fara.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau abu ya ƙi. Burina in nuna juyin maganar: haske ya kori caji daga jikin ƙarfe. Muka fasa tsohon batirin tocila, babba, muka ciro gwangwanin tutiya da ke kewaye da shi, muka wanke, muka baje, muka goge da samfefa har ya yi ƙyalli, muka ɗora a kan ma'aunin caji. Muka ba shi negatif, ganyayyaki suka buɗe.

Tocila mai ƙarfi, ba abin da ya motsa. Fitilar babur, haka. Na fito da abin da na dogara da shi, 'yar fitilar duba kuɗin jabu da na saya, mai hasken da ke bayan shunayya. Ta sa zanen da ke ɓoye a takardar naira ya fito fili, amma ganyayyakin ko gezau. Muka fita rana, suka rufe a hankali cikin mintuna, amma da muka maimaita a inuwa suka rufe kusan haka, don haka iska ce da ƙura, ba rana ba. Yaran sun koma gida jiki a sanyaye.

Da dare na zauna da lissafi, wanda ya kamata a ce na fara yi. Don a ciro elektron ɗaya daga tutiya ana buƙatar kusan elektron-bolt 4.3 (elektron-bolt shi ne ƙarfin da elektron ɗaya ke samu daga bolt ɗaya), wato zango ƙasa da nanomita 290. Jan haske na da kusan 2, shuɗi kusan 2.6, fitilar kuɗi tsakanin 3.1 da 3.4. Duk ba su kai ba. Rana tana fitar da wanda ya kai, amma iskar ozon da ke can sama tana tare shi kusan daidai wannan iyaka, kuma wannan rahama ce ga fatarmu.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Cikin mako na wuce ta gaban mai walda, na ga yaransa suna kawar da fuska, sai abin ya faɗo min. Me ke sa wanda ya kalli walda ya kwana yana jin kamar an zuba masa yashi a ido? Wannan gajeren zangon ne da nake nema. Hertz ma a hasken tartsatsi ya fara lura da abin a 1887, lokacin da ya ga tartsatsin zobensa yana raguwa in ya kare shi da gilashi. Wilhelm Hallwachs ya bi sawu a 1888 da farantin tutiya irin namu.

Ban kai yara ba. Na je ni kaɗai da sassafe, kafin ƙura ta tashi. Na ce, "Oga, aron haskenka nake so na minti goma." Ya yi mamaki, amma ya miƙo min baƙin gilashi ya ce, "Malam, kada ka cire wannan, kuma ka saukar da hannun rigarka." Na ajiye kwalbar a kan benci kamar taku biyu daga inda yake, ta ɓangaren da iska ba ta kawo hayaƙi, na jingina waya tana ɗaukar bidiyo.

Na ba tutiyar negatif. Ya ɗana. Kafin ya ɗaga sandar, ganyayyakin sun rufe. Na sake cajawa, na tsayar da gilashin taga tsakani. Ya ɗana, hasken ya ratsa gilashin ya haskaka tutiyar fes, ganyayyakin suka tsaya a buɗe. Na uku na ba ta fozitif, ba gilashi, suka tsaya a buɗe. Wannan na ukun shi ya fi muhimmanci, domin da hayaƙi ne ko iska ke kwashe cajin, da kowane iri ya zube. Negatif kaɗai ke fita, domin elektron ne hasken ke kora. In farantin fozitif ne, yana janyo su su koma. Mun maimaita kowanne sau uku. Mai waldar ya ce a sake nuna masa na gilashin, sannan ya kira yaransa ya ce su gani, su san cewa abin da ke cin ido ba shi ne wanda ake gani ba.

Da la'asar na nuna wa ɗalibai bidiyon. Tambayar da na ba su: me ya sa fitilar babur mai ƙarfi ta kasa, alhali ta fi haske? In haske igiya ce kawai, ai ƙara ƙarfinsa ya kamata ya ƙara girgizar har elektron ya fice. Philipp Lenard ya nuna a 1902 cewa ba haka abin yake ba. Albert Einstein, yana da shekara 26, yana ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙira a Bern, ya ba da amsa a 1905: haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kuma ƙarfin kowace ƙwaya ya dogara da yawan kaɗawarta, ba da yawan ƙwayoyin ba. Na ce su tuna jifan goruba. Yara ɗari su watsa mata yashi, ba za ta faɗo ba. Dutse ɗaya mai nauyi ya kaɗo ta. Ba'amurke Robert Millikan bai yarda da wannan ba, ya yi shekaru yana aune-aune, a 1916 sakamakonsa ya fito daidai da lissafin Einstein. Lambar Nobel ta 1921 da aka ba Einstein, wannan aikin aka ambata a kanta.

Walda ba ta shiga akwati. Zan nemi ƙaramin ƙwan kashe ƙwayoyin cuta na matatar ruwa, mai nanomita 254, wato kusan elektron-bolt 4.9, in rufe shi a gwangwani mai ƙofa ɗaya da ke kallon tutiya kawai.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ƙwayayen LED ja, rawaya, kore da shuɗi, batir, rezisto mai murɗawa, da mita. Kowa ya leƙa ta bututun baƙar takarda, ana ƙara bolt a hankali har ɗan haske ya fara. Ja ya fara wajen 1.75, shuɗi sai wajen 2.45. Kowane elektron da ya tsallaka cikin ƙwan yana faɗa wani gangare ya saki ƙwayar haske ɗaya. Gangaren shuɗi ya fi zurfi. Da cajin elektron da zangon kowane launi muka lissafa lambar Planck, mai haɗa ƙarfin ƙwayar haske da yawan kaɗawarta, wadda Bajamushe Max Planck ya fito da ita a 1900. Ta littafi 6.63 ce, a ninka da goma mai ƙarfin ragi 34. Tamu ta faɗi tsakanin 5.9 da 6.2. Ta yi ƙasa, kuma na san dalili: ƙwan yana fara ɗigon haske kafin bolt ya cika, saboda zafin ɗaki yana taimaka wa wasu elektron. Na sa su rubuta abin da suka samu, ba abin da littafi ya ce ba.

Sannan muka juya. Muka cire batir, muka jona koren ƙwai da mita kai tsaye, muka haska shi da shuɗi, mita ta motsa. Muka haska shi da ja, ba komai. Goruba ce dai. Farantin sola da ke kan rufin masallacin unguwa da haka yake aiki.

Ana shirin tashi, ɗalibar nan mai tambayar hasumiya ta ce, "Malam, ka ce in an karkata hanyar caji yana ba da haske. Kuma an zana mana elektron yana zagaya tsakiyar zarra. To ai kullum a karkace yake. Me ya sa hannuna ba ya haske?" Na ajiye abin da ke hannuna. Wannan ita ce tambayar da ta tsaya wa masana a wuya bayan 1911. Bisa lissafin Maxwell, irin wannan elektron zai zubar da ƙarfinsa ya faɗa tsakiya cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, kuma da babu wani abu da zai tsaya a duniya. Na ce mata tambayarta daidai take, zanen ne ke da matsala, kuma zan kawo mata amsar da za ta gani da ido. Azumi na kamawa mako mai zuwa, mun dakata sai bayan salla.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na cika alkawari. Kwalin takalmi, siririyar tsaga da reza biyu a gefe ɗaya, guntun faifan CD a karkace a ciki. Layukan da ke jikin faifan sun kai kusan 625 a milimita ɗaya, suna rarraba haske launi-launi. Ƙwai mai zare, wanda zafi ke girgiza cajin cikinsa ta kowace fuska, ya ba da bakan gizo cikakke ba gibi. Farin LED ya nuna shuɗi mai ƙarfi sannan faffaɗan rawaya, domin asalinsa shuɗi ne da aka shafa wa hoda. Masana uku 'yan asalin Japan sun karɓi Nobel a 2014 saboda wannan shuɗin ƙwai. Dogon ƙwan zaiba kuwa ya ba da layuka a rarrabe, duhu a tsakaninsu. Gishiri a harshen wutar gas ya ba da rawaya guda tak, nanomita 589.

Na ce mata layukan nan su ne amsarki. Elektron a cikin zarra ba ya yawo yadda ya ga dama. Matakai gare shi kamar tsani, kuma muddin yana kan mataki ba ya fitar da komai. Sai ya sauko daga wani zuwa wani yake sakin ƙwaya ɗaya, mai launin da ya dace da tazarar. A mataki na ƙasa babu inda zai sauka. Niels Bohr ya kawo wannan a 1913, waɗanda suka biyo baya a shekarun 1920 suka nuna cewa elektron ɗin ba zagaye yake kamar akuya a turke ba, ya fi kama da kaɗawar tsirkiyar garaya da ta zauna a sauti ɗaya. Ta ce to hannun nata fa? Na ce yana haske, zafin jiki na sa shi fitar da zango mai tsawo da ke bayan ja, idonmu ne ba ya kama tashar.

Akwai gyara kuma ga rubutun murfi. Na ce caji mai gudu iri ɗaya ba ya haske. A sarari, wato inda babu ruwa ko wani abu da cajin ke ratsawa, haka ne. A cikin ruwa kuwa gudun haske yana sauka zuwa kusan kilomita 225,000 a sakan, kuma elektron mai tsananin ƙarfi na iya wuce shi, sai ruwan ya yi shuɗin haske. Pavel Cherenkov ya gano wannan a Mosko a 1934, kuma shi ne shuɗin da ake gani a tafkunan na'urorin nukiliya. Ƙaramar na'urar bincike da ke aiki tun 2004 a Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ita ma a cikin ruwa take. Ko a nan ɗin, cajin da ke wucewa yana girgiza elektron na ruwan ne, su suke ba da hasken. Na ƙara kalma biyu a murfin: "a sarari".

Asabar, 17 ga Mayu

Ƙwan matatar ruwa ya samu, gwangwaninsa ya haɗu, amma yau ma'aunin caji ya ƙi riƙe komai. Iska ta juya, laima ta shigo. Muka shanya kwalbar da bututun a kan murfin tukunya mai ɗumi, ya riƙe na kusan minti ɗaya, wanda ya isa a ga ganyayyakin sun rufe da an buɗe ƙofar gwangwanin. Zan sa ƙullin shinkafa soyayya a cikin kwalbar, in kuma rubuta a takardar bayani cewa gwajin tutiya na Nuwamba ne zuwa Maris.

Wajen ƙarfe biyar hadari ya haɗo daga gabas. Muka tsaya cikin aji, aka kunna rediyon Baba a inda babu tasha. Walƙiya ta haska taga, a daidai wannan ƙiftawar rediyon ta ce ƙarrr. Wani yaro ya fara ƙirga da ƙarfi ba wanda ya sa shi. A goma sha biyu tsawar ta iso. Sauti na cin kilomita ɗaya a kusan sakan uku, don haka kilomita huɗu ke nan. Na tambaye su me ya sa rediyon ba ta jira tsawar ba. Uku suka amsa tare cewa ita da walƙiyar abu ɗaya ne, zango ne ya bambanta.

Abin da ya rage: murfin katako mai makulli, kwafin takardar bayani da Hausa guda goma, da madadin rediyon, domin ranar Litinin zan mayar wa Baba tasa tare da labarin da ya nema. Wata malama daga makarantar 'yan mata ta ce za ta karɓi akwatin a makon farko na zangon karatu mai zuwa, kuma ɗalibai biyu daga cikin bakwai ɗin ne za su raka shi su nuna mata yadda ake goge tutiyar.